Yaro Ya Yi Wa Windows Kishiya, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Me Uwa Za Ta Yi?

A gidaje da yawa kwamfuta ɗaya ce tal, kuma kowa na da kaya a cikinta. Maigida na da takardun ofis, uwargida na da lissafin adashi da sunayen masu bashin atamfa ko turaren wuta, ga hotunan suna da na biki tun na shekaru goma, ga kundin binciken babbar 'ya da take shirin miƙa wa malaminta a jami'a. Sai a wayi gari a danna maɓallin kunnawa, maimakon fuskar da aka saba gani, baƙin allo ya fito da wasu 'yan rubuce-rubucen Turanci. A tambayi yara, kowa ya yi tsuru-tsuru. Can sai ɗan samarin gidan ya ce cikin sanyin murya, "Umma, Linux kawai na saka mata jiya da daddare."

Uwargida, kafin ki ɗaga murya ki san wannan: a mafi yawan lokuta kayanki na nan lafiya a cikin kwamfutar. Hanyar shiga ce ta rikice. Asarar gaske daga baya take zuwa, sa'adda hankali ya tashi aka ruga shagon gyara, aka ce wa mai gyara ya yi mata fomatin don a huta. Fomatin share komai ne, kuma shi ke cinye hotunan da baƙin allon bai taɓa ba.

Me ma ya kai shi?

Ba lallai ɓarna ce ta kai yaron ba. Windows, wadda yawancinmu muka saba da ita, babbar manhaja ce ta kamfanin Microsoft, ita ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya. Linux ma babbar manhaja ce irinta, sai dai kyauta ake samunta. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma yau tana da iri-iri. Biyu daga ciki su yaranmu suka fi ɗauka: Ubuntu, wadda ta fito a 2004 a ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, da Kali Linux, wadda masu koyon tsaron intanet ke amfani da ita. Duk yaron da ke karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a ko foliteknik, ko ya shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ko yake bin darussa a YouTube, da wuya a daɗe ba a ce masa ya koyi Linux ba.

Akwai kuma wani dalilin. Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma kwamfutocin hannu da yawa da muke saye a kasuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Shi ya sa ake ta ba masu tsofaffin kwamfutoci shawarar komawa Linux. To yaro ya ji, ya ga kwamfuta ɗaya ce a gidan, sai ya yanke shawarar haɗa su biyun a wuri ɗaya. Niyya mai kyau ce. Laifinsa guda: bai nemi izini ba, bai kuma kwashe kayan mutane ya adana a wani wuri kafin ya fara ba.

Zaure ɗaya, ɗaki biyu

Ki ɗauki rumbun ajiyar kwamfuta kamar gida. Da can Windows ce kaɗai a ciki, ta baje kayanta ko'ina. Da za a kawo Linux, sai aka ja katanga aka yanka mata nata ɓangaren. Amma zauren gidan ɗaya ne. Idan kin danna maɓallin kunnawa, kwamfuta ba ta faɗawa ɗaki kai tsaye, sai ta tsaya a zaure ta tambayi mai gadi inda za ta nufa. Mai gadin Windows sunansa Windows Boot Manager, ɗaki ɗaya kawai ya sani. Linux kan zo da nata mai gadin, GRUB, wanda idan komai ya tafi daidai yakan nuna jerin sunaye a baƙin allo, ya ba ki 'yan daƙiƙoƙi ki zaɓa da maɓallan kibiya: Ubuntu ko Windows.

Kusan duk rigimar da za ki gani a zauren nan take. Ko masu gadin biyu suna jayayyar wa zai tsaya a gaba, ko an kori ɗaya, ko an rushe ɗakin da ɗayan yake nunawa ya rasa inda zai kai mutane. Ɗakunan kansu, da abin da ke cikinsu, galibi ba a taɓa su ba.

A bayan masu gadin kuma akwai mai gidan kansa, wato ɗan shirin da aka dasa a jikin kwamfutar tun daga masana'anta, wanda masu gyara ke kira BIOS. Shi ke riƙe da jerin wa za a fara kira. Nasa salon iri biyu ne, tsohon da ake rubuta wa Legacy, da sabon da ake kira UEFI, wanda ya yaɗu tun fitowar Windows 8 a 2012. Ki riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

Kafin a taɓa komai

Ki ɗauki wayarki ki ɗauki hoton allon yadda rubutun zai karantu. Wannan hoton ya fi duk wani bayanin baki da za ki yi wa mai gyara. Sannan ki jona caja, kada a yi aikin komai da batirin da bai riƙe wuta. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas kuma batirin ya mutu, a jira sai an tada janareta ko a kai inda akwai sola, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar gyaran rumbu na iya mayar da ƙaramar matsala babba.

Sai ki zaunar da yaron. Nan ne wurin da ake buƙatar haƙurinki, domin shi kaɗai ya san abin da ya danna, kuma yaron da ya tsorata ƙarya zai yi ko ya ce ya manta. Ki ce masa, "Ba faɗa zan yi maka yanzu ba, ka gaya min abin da ka yi ɗaya bayan ɗaya." Tambayoyi uku ne masu nauyi. Lokacin sakawa, wane zaɓi ya danna, wanda ke cewa a saka ta gefen Windows, mai kalmar "alongside", ko wanda ke cewa "Erase disk"? Ya shiga BIOS ya sauya wani abu? Ya goge wani ɓangare na rumbun daga baya? Amsoshin nan su za su nuna ko aikin minti biyar ne ko kuwa sai an nemi gwani.

Maɓallin da ke warware rabin matsalar

Kowace kwamfuta na da maɓallin da idan aka danna shi da zarar an kunna, sai ta tsallake jayayyar masu gadi ta nuna jerin duk ƙofofin da ta sani. A HP, wadda ta cika gidajenmu, F9 ne. A Dell F12 ne, haka ma yawancin Lenovo da Acer. A Asus galibi Esc ne. A wasu kwamfutocin sai an haɗa da maɓallin Fn. Ki kashe ta gaba ɗaya, ki kunna, ki riƙa danna maɓallin a kai a kai tun kafin tambarin kamfanin ya ɓace.

Idan jerin ya fito kika ga Windows Boot Manager, ki sauka kansa da kibiya ki danna Enter. Sau da yawa a nan zancen ke ƙarewa: Windows ta buɗe, kayanki na nan yadda kika bar su. Abu na farko da za ki yi a lokacin shi ne kwashe muhimman fayiloli zuwa filash ko rumbun waje, tun kafin a ci gaba da wani gyara.

Don kada kullum sai an danna maɓallin, sai a shiga BIOS, da F10 a HP ko F2 a Dell da yawancin sauran, a nemi wurin da aka rubuta Boot Order, a ɗaga wanda ake so ya zama na farko, a adana a fita. Idan kwamfutar tana wucewa Windows kai tsaye ne kamar ba a taɓa saka Linux ba, wanda yakan faru bayan Windows ta yi babban sabuntawa ta maido da mai gadinta gaba, maganin ɗaya ne, sai dai a nan Ubuntu za a ɗaga sama. Wannan matsalar yaron ce, ba taki ba, kuma zai iya da kansa.

Idan Linux kaɗai ke buɗewa

Wannan shi ya fi tada hankalin iyaye, domin kwamfuta na aiki amma baƙuwar fuska ce, ba a ga komai na gida ba. Ki fara gwada maɓallin can. Idan babu Windows a jerin, ki sa yaron ya buɗe manhajar Disks da ke cikin Ubuntu. Za ta zana rumbun kamar doguwar sanda da aka yanka gida-gida. Ku nemi babban ɓangare mai alamar NTFS ko BitLocker. In yana nan, ɗakin Windows na nan, mai gadin Linux ne bai gan shi ba.

Dalilin rashin ganin sananne ne. Tun daga GRUB na 2.06, wanda ya fito a 2021, ɗan shirin da ke leƙa rumbu ya gano sauran manhajoji, mai suna os-prober, yana zuwa a kashe a wasu nau'o'in Linux. Yaron zai buɗe fayil ɗin /etc/default/grub ya ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan ya rubuta sudo update-grub. Ke ba sai kin haddace wannan ba, ki miƙa masa wayar ya karanta. Idan an yi haka Windows ba ta fito ba, to akwai yiwuwar an saka Linux a salon Legacy alhali Windows na salon UEFI, ko akasin haka. Mai gadin wani salon ba ya iya buɗe ƙofar ɗayan. Gyaran da ya fi tsafta shi ne a sake saka Linux ɗin a salon da Windows take, bayan an kwashe kaya.

Amma idan sandar nan ta nuna rumbun duka na Linux ne, kuma yaron ya amsa cewa "Erase disk" ya danna, to nan an yi ɓarna ta gaske. A kashe kwamfutar nan take, kada a sauke komai, kada a shiga intanet da ita, domin duk sabon abin da aka rubuta a rumbun yana hawa kan tsohon ne. Akwai manhajoji na kyauta, TestDisk da PhotoRec, da gwani zai iya tono wasu hotuna da takardu da su, musamman idan rumbun tsohon samfuri ne mai faifai a ciki. Idan SSD ne, damar ba ta da yawa, gara ki san haka tun yanzu kada wani ya karɓi kuɗi mai yawa a kan alkawarin da ba zai cika ba. Kafin ki fid da rai kuma, ki duba OneDrive da Google Drive da saƙonnin imel da WhatsApp. Kundin da 'yarki ta taɓa tura wa malaminta ko ƙawarta yana can, ko da ba na ƙarshe ba ne.

Baƙin allo mai "grub rescue"

Wannan yawanci aikin nadama ne. Yaro ya saka Linux, ya ga za a gane, ko wuri ya yi ƙaranci, sai ya koma Windows ya goge ɓangaren Linux ɗin a asirce. Garin neman gira aka rasa ido. Mai gadin Linux na nan tsaye a zaure, amma littafin da yake dubawa a ɗakin da aka rushe yake. Sai ya rubuta "no such partition" ko "unknown filesystem", ya tsaya yana jira.

A kwamfuta mai UEFI, maɓallin F9 ko F12 ya wadatar: a zaɓi Windows, sannan a maishe ta ta farko a BIOS. A tsohuwar kwamfuta mai salon Legacy kuwa zauren mutum ɗaya yake ɗauka, GRUB ya riga ya maye gurbin mai gadin Windows, don haka sai an dawo da shi da hannu. Ana buƙatar filash mai ɗauke da manhajar saka Windows, wanda ake haɗawa a wata kwamfutar daga shafin Microsoft. A tada kwamfutar daga filash ɗin, kuma a nan ki buɗe ido sosai: kada a danna "Install". A nemi zaɓin gyara, mai kalmar "Repair", a shiga Troubleshoot, a fara gwada Startup Repair. In bai yi ba, a buɗe Command Prompt a rubuta bootrec /fixmbr, a sake kunnawa. Wannan umarni zauren kawai yake gyarawa, ba ya taɓa fayil ko ɗaya.

Shuɗin allo mai neman lambobi 48

Ga wanda ya fi buƙatar natsuwa. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da rumbunsu a kulle da wani tsari mai suna BitLocker, sau da yawa mai kwamfutar bai ma san an kunna shi ba. Amfaninsa shi ne ko ɓarawo ya cire rumbun ba zai iya karanta komai ba. Kullum yana buɗe kansa shiru, muddin ya ga zauren yadda ya san shi. Da zarar an sauya mai gadi, ko an kashe Secure Boot a BIOS, kamar yadda masu saka Kali kan yi, sai ya ɗauka sata ce, ya rufe ƙofa ya nemi makullin gaggawa mai lambobi 48.

Makullin yawanci yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi. Da wayar da ke hannunki za ki iya ɗauko shi: ki buɗe aka.ms/myrecoverykey, ki shiga da imel da kalmar sirrin asusun. Idan makullai da yawa suka fito, ki dubi shuɗin allon, akwai lambar shaida da aka rubuta wa Key ID, ki ɗauki wanda farkonsa ya yi daidai da ita. Ki tuna wa ya fara saita kwamfutar, maigida ne, ko babban yaya, ko wurin aiki. Idan ta ofis ce ko ta makaranta, makullin na wurin masu kula da kwamfutocinsu.

Idan ba a samu makullin ba, akwai dabara ɗaya da takan yi aiki: a mayar da komai yadda yake. A sake kunna Secure Boot, a shiga Windows ta maɓallin F9 ko F12 kai tsaye ba ta hannun GRUB ba. Sau da yawa BitLocker kan ga zauren ya koma yadda ya sani ya buɗe da kansa. In ya buɗe, a take a shiga saitinsa a adana makullin. Ni dai shawarata a rubuta shi a takarda da biro, a ajiye inda ake ajiye takardun haihuwar yara.

In kuwa duk an yi bai buɗe ba, kuma babu makulli, to babu mai gyaran da zai fasa shi, Microsoft da kanta ta ce ba ta iya sake ƙirƙiro makullin da ya ɓata. Wannan ya fi cin waɗanda suka sayi kwamfuta ta hannu suka ci gaba da amfani da ita a kan asusun da mai shago ko tsohon mai ita ya buɗe. Idan taki irin wannan ce kuma tana aiki lafiya yau, yau ɗin ya kamata a duba ko a kulle take.

Sa'adda ta ce babu rumbu sam

Wani lokaci saƙon kan ce "No bootable device", ko a HP ki ga "Boot Device Not Found" da lamba 3F0. Wani lokaci kuma Windows kan fara tashi sai ta faɗi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Bayan saka Linux, duka biyun galibi daga sauyin BIOS suke. Na farko, an juya daga UEFI zuwa Legacy ko akasin haka. Na biyu, an sauya yadda kwamfuta ke magana da rumbunta daga RAID ko Intel RST zuwa AHCI, domin Ubuntu da kanta takan nemi a yi hakan kafin ta yarda ta shiga. A mayar da saitin inda yake, Windows za ta tashi. Shi ya sa tambayar "me ka sauya a BIOS" take da nauyi.

Idan yaron ya rantse bai sauya komai ba, ki lura da agogon BIOS. In kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan ƙaramin batirin da ke jikin allon kwamfutar, mai kama da kwabo, shi ya mutu, sai saituna su riƙa gogewa da kansu. Wannan ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutoci, kuma canza shi ba tsada.

Kuma ba kullum laifin yaro ba ne. A watan Agusta na 2024 wani sabuntawar tsaro da Microsoft ta tura ya hana Linux tashi a kwamfutoci masu manhaja biyu a sassan duniya, allon na nuna saƙo mai ɗauke da "SBAT" da "Security Policy Violation". Kamfanin ya amsa matsalar, daga baya ya gyara. Idan an saka Linux daga tsohon filash da ya daɗe a aljihu, har yanzu ana iya cin karo da irin saƙon, sai a sauko da sabon fitowa.

Filash ɗin da ya jawo rigimar shi ne mai ceto

Kada ki ƙwace filash ɗin da yaron ya yi aikin da shi ki jefar. Idan aka tada kwamfuta daga filash na Ubuntu aka zaɓi "Try Ubuntu", manhajar za ta yi aiki daga cikin filash ɗin ba tare da ta rubuta komai a rumbu ba. Daga nan sai a buɗe ɓangaren Windows, a shiga foldar Users, a kwafe Desktop da Documents da Pictures da Downloads zuwa rumbun waje. Ko Windows ta ƙi tashi ƙememe, ta wannan hanya kayanki za su fito, sai dai idan BitLocker ya kulle su, nan ma makullin nan ne zai buɗe.

Daga cikin wannan filash ɗin kuma ake saka wata manhaja mai suna Boot-Repair, in akwai intanet. Tana da maɓalli ɗaya, "Recommended repair", wanda ke sake dasa GRUB ya nemo manhajojin biyu. Tana aiki sau da yawa, amma a kwashe kaya tukuna.

Idan sai an je shago

Ba kowace uwa ke da lokacin wannan duka ba, kuma ba aibu ba ne a kai wa masu sana'ar. Akwai ƙwararru na gaske a kasuwanninmu. Sai dai fomatin ya fi sauri ya fi sauƙi, kuma mai gyaran da layi ke jiransa zai iya zaɓar sa idan ba ki ce komai ba. Don haka ki faɗa tun kafin ya karɓa: "Malam, akwai kaya masu muhimmanci a ciki. Ban yarda a yi fomatin ba. A fara kwashe min kayana a wannan rumbun, in gani da idona, sannan a gyara tashinta." Ki nuna masa hoton allon. In ya ce ba yadda za a yi sai fomatin tun bai gwada tada ta daga filash ba, ki yi masa godiya ki ƙara gaba.

Ki tafi da yaron, ko ki haɗa shi da babba. Zai yi bayanin abin da ya yi, zai kuma koyi gyaran. Sannan kada a bar kwamfutar ta kwana a shago in da hali. A cikinta akwai hotunanki da na 'yan matanki na cikin gida, da takardun banki, da kalmomin sirri da aka adana. A tsaya a kai har a gama kwafewa, kuma a tabbatar ba a bar kwafi a kwamfutar shagon ba.

Bayan ta tashi

Za ki iya lura agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk sanda aka fito daga Linux. Ba lalacewa ba ce. Linux na ajiye agogon cikin kwamfuta a kan lokacin duniya na GMT, Windows kuwa tana ɗaukar sa a matsayin lokacin gari, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaban GMT da awa ɗaya. 'Yan'uwanmu na Gana ba za su ma ga bambanci ba. Yaron ya rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Linux, shi ke nan. Kafin a gyara dai, kada a yi sahur da agogonta.

A kashe Fast Startup a Windows, yana cikin Power Options. Idan yana kunne, Windows ba ta kashewa gaba ɗaya, barci take yi da ɗakinta a sakaye, sai Linux ta kasa rubutu a ciki, wani lokaci har fayiloli su lalace.

Sai maganar ko kishiyar za ta zauna. A ganina, kwamfutar da duk gida ke dogaro da ita, musamman idan akwai mai shirin JAMB da ke gwaji a kanta ko mai rubuta kundin kammala karatu, ba wurin koyon raba rumbu ba ce. Amma hana yaron Linux gaba ɗaya ma kuskure ne, don abin da zai ci abinci da shi yake koyo. Akwai hanyoyin da ba sa taɓa zaure. VirtualBox manhaja ce ta kyauta da ke buɗe Linux a cikin taga kamar kowace manhaja, tana tafiya sosai a kwamfuta mai RAM na gigabait 8. Akwai WSL, wanda Microsoft da kanta ta saka a Windows 10 da 11 don masu son umarnin Linux. Ko kuma ya ci gaba da aiki daga filash. In kuma Allah ya hore, a sama masa tsohuwar kwamfuta tasa shi kaɗai, ya lalata ya gyara son ransa.

Idan kun yanke a cire Linux ɗin, a bi tsari: a kwashe kaya, a tabbatar makullin BitLocker na hannu, a shiga BIOS a maido da Windows Boot Manager na farko, a kunna a ga tana shiga Windows kai tsaye, sannan ne za a goge ɓangaren Linux. A tsohuwa mai Legacy, sai an yi bootrec /fixmbr kafin gogewar. Kuma a wurin gogewa za ku ga wani ɗan ƙaramin ɓangare mai suna EFI, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 zuwa 500 ba. Shi ne zauren kansa, a bar shi inda yake.